Jar Fatar Sakkwato da Ciwon da Ya Ci Littattafan Ingila

A ƙarshen ƙarni na 19 wata irin annoba ta faɗa wa manyan ɗakunan karatu na Ingila. Mai kula da laburare zai miƙa hannu ya ɗauko littafi daga kanta, sai bango ya rabu da jikin littafin, tafin hannunsa ya yi ja wur da wani gari mai laushi. Fatar da aka yi bangon da ita ce ta koma ƙura. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, littattafan da aka yi wa bango shekara ɗari uku ko ɗari huɗu da suka wuce suna nan garau, sai waɗanda ba su wuce shekara ashirin ko talatin ba su ne ke ta marmashewa.

Ciwon ya daɗe yana nuna alama. Tun farkon shekarun 1840 Michael Faraday, masanin nan da ya yi suna a binciken lantarki, wanda kuma da ɗinkin littafi ya fara neman abinci yana yaro, ya duba littattafan kulob ɗin Athenaeum da ke Landan, ya ɗora laifin a kan fitilun gas. Daga kwal ake yin gas ɗin, kwal kuwa yana ɗauke da farar wuta. Idan ta ƙone sai ta bi iska, fata ta shaƙe ta, a hankali ta rikiɗe a cikinta ta zama asid ɗin salfa, wato abin da mu a nan muka fi sani da ruwan batir. Faraday ya ƙirƙiro hanyar fitar da hayaƙin fitila zuwa waje, amma birnin da ke ƙona kwal dare da rana ba ya tsarkaka don an gyara ɗaki ɗaya.

Da abin ya ci tura, a 1900 ƙungiyar Society of Arts ta Landan ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Cobham. Aka tara masu kula da laburare, da masu yi wa littattafai bango, da masu masana'antun fata, da masana kimiyyar sinadarai. Wasu suka bi ɗakunan karatu kanta-kanta suna duba wace fata ce ta mutu, a wace shekara aka yi ta, a ina take ajiye. Suka tarar littattafan saman kanta, inda zafi da hayaƙin fitila ke taruwa, sun fi na ƙasa lalacewa. Wasu kuma suka shiga ɗakin gwaji. Cikin waɗannan akwai Henry Richardson Procter.

Procter ɗan majema ne, a gidan jima ya tashi a arewacin Ingila, ya san warin sana'ar tun kafin ya san lissafinta. A 1891 kwalejin Yorkshire da ke Leeds, wadda ta zama Jami'ar Leeds a 1904, ta ɗauke shi ya buɗe sashen nazarin fata. A lokacin ma akwai masu ganin jima ba abin da za a shigar jami'a ba ne, aikin masu ƙazamin hannu ne. Shi kuwa ya ɗauki kowane mataki na sana'ar yana tambayar dalilinsa, yana aunawa, yana rubutawa.

Rahoton kwamitin ya fito a 1901, aka faɗaɗa shi a 1905, kuma bai yi wa masu masana'antu daɗi ba. Ya nuna cewa su da kansu suke zuba asid ɗin salfa a fata don ta yi haske ta kuma kama sabuwar galurar da aka fara yi daga kwaltar kwal. Suna kuma fere fatar ta yi siriri don ta yi kyan gani, sai ƙarfinta ya tafi. Sai kuma babban batu, wato abin da ake jima da shi. Sinadarin da ke mai da ɗanyar fata jemammiya shi ake kira tanin, shi ne ke ba goro da bagaruwa ɓaurinsu. Yana shiga tsakanin zaruruwan fata ya ɗaure su, ruɓa ta rasa wurin kamawa. Masanan suka nuna cewa tanin gida biyu ne. Akwai wanda ake samu a itatuwa irin su kebraco na Kudancin Amurka da gambiya ta Asiya, mai araha, mai saurin aiki, amma fatarsa tana jan hayaƙin farar wuta, ta yi ja, ta farfashe. Akwai kuma irin na ganyen sumak da ake kawowa daga tsibirin Sisili, wanda fatarsa ke jure wannan iska. Mutanen da suka yi tsofaffin bangaye ba su san wannan rabe-rabe ba, sun dai yi amfani da abin da suka gada, suka kuma ba shi lokacinsa.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙasarmu. Cikin 'yan kwamitin akwai Douglas Cockerell, ɗaya daga cikin gwanayen yi wa littafi bango na zamaninsa. A littafin da ya wallafa kan sana'arsa a 1901, ya ce a cikin duk fatun da ya gwada, wadda ta fi yi masa amfani ita ce fatar akuyar da kamfanin Royal Niger ke kawowa daga Afirka. Ya yaba launinta da laushinta, ya ce ta tsallake gwaje-gwajen da aka yi mata ba tare da wata mummunar illa ba. Ya kuma yi ƙorafi: da yawa cikin fatun suna zuwa da tabo da lahani, wasu ma ba su da amfani sam. Fatansa shi ne masana'antun Ingila su iya yin fata mai ingancin wannan, amma ba tabo.

A tuna shekarar. A 1901 Sarkin Musulmi Abdurrahman ne a kan gado, Turawa ba su ci Sakkwato ba tukuna. Sai ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Lugga suka fuskanci Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Giginya. Ashe tun kafin bindigarsu ta iso bakin ganuwa, aikin hannun majeman ƙasar Hausa ya riga ya kai teburin gwani a Landan, yana gaya wa masana'antun ƙasarsa su yi koyi da shi.

Fatar kuwa ta daɗe tana tafiya. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, tana da fata mai ƙarfi da matsattsun zaruruwa, ga fuska mai kyan tsari. Ayarin fatake sun yi ƙarnoni suna ɗaukar jemammun fatu daga Kano su bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, wani kaso kuma na abin da Turai ke saye da sunan fatar Maroko daga nan ya fito. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shiga kasuwar Sakkwato a 1853, ya rubuta cewa aikin fata shi ne sana'ar da garin ya fi shahara da ita, ya ambaci jakunkuna da matasan kai, ya yaba laushin fatar da kyanta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanyar ta juya kudu, zuwa Ikko da teku.

To, mene ne majemi ke yi wa fatar nan? Wanda ya taɓa tsayawa a majema ya san tsarin bai sauya sosai ba. Ana jiƙa fata ta yi laushi, a saka ta a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan ice a karce da kartaji. Daga nan a tsoma ta a ruwan kashin kaji ko na tattabaru, ko a ruwan tsiron fataka, har ta saki jiki. Sai a daka bagaruwa a turmi, a jiƙa a kwatarniya, a saka fata ana cuɗawa ana matsewa, ana sauya ruwa, har jima ta ratsa ta. A shafe ta da mai, a shanya, a murza. In ja ake so sai karan dafi da ruwan kanwa, a bi da lemon tsami launi ya fito. In baƙi ake so sai kuloko, in rawaya sai gangamau.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan darasi ne na kemistiri. Toka tana da kaifi irin na kanwa, shi ke sassauta gindin gashi. Kashin tsuntsu yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu fitar da sinadaran narkarwa, su ne ke cinye tarkacen da ke tsakanin zaruruwan fata su bar zaruruwan kansu. Kada wani ya yi wa majeminmu dariya a kan wannan, domin majeman Turai da kashin kare suke wannan aiki har farkon ƙarni na 20. Sai da Joseph Turney Wood na Nottingham ya gano abin da ke aiki a cikin kashin, sannan Otto Röhm a Jamus ya fitar da makamancinsa daga kayan cikin dabba, ya kafa kamfanin Röhm & Haas a 1907 yana sayar da shi. Babban kamfanin sinadarai ke nan ya tsiro daga tambayar da kowane majemi zai iya yi, in da an koya masa yadda ake neman amsarta. Kuloko kuma, ƙarfe ne ke haɗuwa da tanin ya ba da baƙi, haɗin da aka yi ƙarnoni ana yin tawada da shi a Gabas da Yamma. Jan karan dafi wani sinadari ne da ke cikin kuben ganyen wata irin dawa, wanda masu bincike a Jami'ar Wagadugu suka tace shi a shekarun 1990, ana kiransa afijeninidin. Ita bagaruwa, 'ya'yanta suna da yalwar tanin mai ɗauke da asid ɗin galik, abin da ke kusantar da ita ga gidan sumak.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce bagaruwa ce sirrin, a tashi. Amma masu bango a Ingila sun ci gaba da ganin abin mamaki. Masana'antu sun ji kiran Cockerell, suka riƙa sayen fatun Nijeriya suna wanke su tas, su sake jeme su, su rina su da galura don launi ya daidaita, tabo ya ɓuya. Fatar takan fito kyakkyawa, amma ba ta kai wadda aka bari yadda ta fito daga kwatarniya daɗewa ba. Wanda ya warware wannan shi ne R. Faraday Innes, masanin sinadarai a cibiyar bincike ta masu masana'antun fata na Birtaniya, a shekarun 1930. Ya gano cewa ruwan jima ba tanin kaɗai ke cikinsa ba. Akwai wasu gishirai na tsiron da ke shiga fata tare da shi, waɗanda masu masana'anta ke ɗauka datti ne. Su ne ke tare asid idan ya shigo, su dakushe kaifinsa kafin ya kai ga zaruruwa. Majemin Sakkwato bai wanke su ba, Bature ya wanke. Abin da aka kira rashin tsabtar aiki, wani ɓangarensa shi ne garkuwar fatar.

Innes ya ƙirƙiro gwajin gaggawa, inda ake ɗiga wa guntun fata asid ɗin salfa da ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, a ga ko za ta jure na wasu kwanaki. Fatar da ta tsallake sai a buga mata hatimin PIRA. Ya kuma ba da shawarar a riƙa shafa wa fata wani gishiri da ake samu daga asid ɗin nono mai tsami, don a mayar mata da abin da wanki ya raba ta da shi.

Sai dai gwajin kwanaki ba ya maye gurbin shekaru, su ma sun san haka. Don haka a farkon shekarun 1930 suka yi wani abu da nake ganin shi ne mafi ban sha'awa a duk labarin. Suka yi wa littattafai bango da fatu iri-iri, kowace an san asalinta da yadda aka jeme ta, kowane iri kuma kwafi biyu. Kashi ɗaya aka jera a Gidan Tarihi na Birtaniya a tsakiyar hayaƙin Landan, ɗayan aka kai Babban Laburaren Wales a Aberystwyth, garin bakin teku mai iska mai tsabta. Aka bar su. Lokaci-lokaci a zo a duba a rubuta, har zuwa 1970. A tsakanin nan aka yi Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi baƙin hazon Landan na Disamba 1952 da ya kashe dubban mutane, aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Waɗanda suka fara gwajin sun san da wuya su ga ƙarshensa.

Sakamakon ya tabbatar da zargin Faraday na sama da shekara ɗari: fatun Landan sun sha farar wuta sun lalace fiye da tagwayensu na Wales nesa ba kusa ba, waɗanda aka jeme da tanin na gidan kebraco su suka fi jin jiki. Ya kuma kunyata wasu abubuwan da masanan suka yi imani da su. Gwajin gaggawar nan mai hatimin PIRA bai faɗi gaskiya a kan kowace fata ba, gishirin da Innes ya ba da shawara kuma kariyarsa ba ta kai yadda aka zata ba, har daga baya aka koma ga sinadaran alminiyam. Ba aibi ba ne, amfanin ajiye littattafan ke nan. Kantocin nan biyu sun zama ma'aunin gurɓatar iska ba tare da an yi niyya ba, kuma har a shekarun 1990 masu binciken adana kayan tarihi a Turai suna komawa ga guntayen fatun suna aunawa da sababbin na'urori. Shi kuwa sashen da Procter ya kafa, binciken da ya yi kan yadda zaruruwan fata ke kumbura a cikin asid ya shiga ilmin furotin gaba ɗaya, har sashen ya rikiɗe ya zama na kimiyyar abinci a Leeds, ya kuma daɗe yana ɗauke da sunansa.

A gida kuma fa? Gwamnatin mulkin mallaka ta kula da akuyar da fatarta, domin kuɗi ne. Ma'aikatar dabbobi ta yi ta koyar da fiɗa ba yanka da shanya a inuwa, aka kuma riƙa fiɗiye bunsuran da ba ja ba a lardin Sakkwato don irin ya tsaya. Nijar ta buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a 1963. Amma awo da rubutu da hatimin inganci duk a can ƙetare suka zauna, ribar ma ta bi su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1964 aka fara wani shirin horarwa kan fatu da ƙiraga a Samarun Zariya, wanda ya girma ya zama cibiyar binciken fata ta yau, wato NILEST.

Kafin nan duniya ta riga ta koma wata jimar. Tun 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar jima da gishirin kurom a Amurka, wadda ke gama aikin makonni a yini guda, yau kuma mafi yawan fatar duniya da ita ake yi. Ita ce ta cika masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, ita ce kuma ta bar kurom a ruwan da manoma ke ban ruwa da shi, kamar yadda masu bincike na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello suka sha aunawa. Yanzu da masu sayen fata a Turai ke neman wadda ba kurom a cikinta, idanu sun sake komawa kan itatuwa irin su bagaruwa, wadda ke zubar da 'ya'yanta a fadamun Rima ba mai shuka ta.

Jami'ar Sakkwato an kafa ta a 1975, ta koma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988, tana kuma da sashen kimiyyar sinadarai a mazauninta na Dundaye. Tsakaninsa da Shiyar Majema da Madunka tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Malaman jami'ar sun buga bincike kan ƙasa da ruwan da ke fita daga majemun birnin, aiki ne mai kyau. Amma tambayoyin da ke jiran ɗalibi mai ma'auni sun fi haka yawa, domin jimar gargajiyar ma ta fara sauyawa. Majema da dama sun bar toka sun koma ragowar kabaid ta masu walda don cire gashi, galura ta kori karan dafi a rumfuna da yawa saboda sauƙi da araha. Ba a zargin mai neman abincin yau don ya zaɓi abin da ya fi sauri. Sai dai wannan ita ce hanyar da masana'antun Ingila suka bi a ƙarni na 19, an kuwa ga inda ta kai littattafansu. Har yanzu masu yi wa littattafai masu daraja bango a Turai da Amurka suna neman fatar akuyar Nijeriya, abin da suke biya kuwa daɗewarta ce.

Akwai kuma littattafan Sakkwato kanta. A cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, da jami'ar, da gidajen malamai a cikin birni, akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u da almajiransu, da yawa a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, a naɗe cikin tadarishi, a saka a gafaka ta jemammiyar fata. Michaelle Biddle, wata mai adana littattafai daga Jami'ar Wesleyan ta Amurka, ta zagaya irin waɗannan ma'ajiyoyi a Arewa a 2008, ta kuma wallafa bincike kan tawadar da aka yi rubutun da ita a 2011. Maƙiyan waɗannan takardu ba irin na Landan ba ne. A nan zafin bazara ne da ke haura digiri 40, da bushewar hunturu mai sa fata ta ƙage, da laimar damina, da gara, da tawada mai ƙarfe wadda kan ci takardar da aka rubuta ta a kai, ga hayaƙin janareta da ya shigo kwanan nan. Amsoshin Aberystwyth ba za su wadatar da wannan yanayi ba. Gwajin kanta biyu kuwa ba ya bukatar na'ura mai tsada: fatun bagaruwa da karan dafi a gefe ɗaya, na kabaid da galura a ɗayan, kashi ɗaya a Dundaye, kashi ɗaya a gari mai laima da hayaƙi kamar Fatakwal, da littafin rajista da shugaban sashe zai miƙa wa wanda ya gaje shi.